Tambaya da Amsa: Alhaji, kafin basirar na'ura, ina kayen shago?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka taru mini wannan watan kusan duk maganarsu ɗaya, wato basirar na'ura ɗin nan da 'yan lakwal ke cewa IA, 'yan uwanmu na Najeriya kuma su ce AI. Na tsamo shida daga ciki, kuma kamar yadda muka saba ba na sa sunan kowa sai unguwa ko gari. Ni aikina rubuta wa shaguna da farmasi lojisiyel na lissafi a nan Damagaram, to abin da idona ya gani shi zan faɗa.

Tambaya daga wani Alhaji a kasuwar Dole: Malam ina da shago biyu na kayan masarufi, ɗaya a Dole ɗaya a Sabon Gari, da mangaza guda. Kullum ana ciniki alhamdulillahi amma in shekara ta zagayo na zo fidda zakka sai in ga dukiyar ba ta kai yadda nake zato ba. Yarona da ke karatu a Yamai ya ce in sa IA za ta nuna mini inda kuɗi ke zurarewa. Ina ake sayenta kuma nawa ne?

Amsa: Alhaji Allah ya ƙara buɗi. Kafin maganar saye bari in yi maka tambaya uku ka amsa wa kanka. Ranar Litinin da ta wuce buhun sukari nawa ya fita daga mangaza kuma wane shago aka kai? Yau in aka ce ka faɗi jimlar bashin da kake bin mutane, akwai takarda ɗaya da za ka buɗe ka karanto? Katan ɗin man da ka ɗauko daga Kano nawa ya tsaya maka bayan canjin naira da kuɗin mota da na duwan a Dan Barto da na 'yan dako? In amsar ukun nan tana cikin kanka ne ko cikin kan yaran shago, to babu wata na'ura a duniya da za ta gano maka komai, don ita abin da aka rubuta take ci, abin da ba a rubuta ba a wurinta bai faru ba.

Na taɓa yi wa wani bawan Allah aiki mai irin shagonka, ranar farko ya ajiye mini kaye uku a kan benci, biyu na yara ɗaya nasa. Kaya ɗaya sunansa uku: yaro na farko yana rubuta "shinkafa 25", na biyu ɗan lakwal ne yana rubutawa da Faransanci, shi kuma mai shagon da ajami yake rubuta "ƙaramin buhu". Bashi kuwa an rubuta "mai shayi na bakin tasha", to masu shayi nawa ne a bakin tasha? Amma abin da ya fi cin mu lokaci shi ne dala. Mu nan in mutum ya ce ɗari biyu jika ɗaya yake nufi, sefa 1000, to yaro ɗaya yana rubuta 200 yadda bakinsa ya faɗa, ɗayan yana rubuta 1000 yadda yake jikin takardar kuɗin, a shafi ɗaya, a layi na kusa da juna. Sai da muka zauna da su biyun kwana huɗu muna bi layi-layi muna tambayar wannan dala ce ko sefa. Ka ga da an ɗauki kayen nan haka an zuba wa kwamfuta, lissafin da za ta fitar ƙarya ne tsagwaronta, kuma za ta fitar da shi da kyau da tsari har ka gaskata.

Da muka gama abin da ya fito ya sosa mini rai, don mai shagon ya daɗe yana zargin ɗaya daga cikin yaran da sata har ya fara neman wanda zai maye gurbinsa. Ashe mafi yawan giɓin daga hannunsa ne shi da kansa kuma na alheri ne: a kai buhu gida, a ba baƙon da ya zo daga ƙauye katan ɗin taliya, a kai sukari masallaci da azumi, ƙanin matarsa ya ɗauki galan ɗin mai za a biya in an yi albashi. Ba wanda ya rubuta don wa zai rubuta abin da mai gida ya ce a ɗauka? Ba na cewa ka daina kyauta Alhaji, Allah ya ƙara maka hannun bayarwa, cewa nake a buɗe mata shafinta a rubuta, ko don kar a ɗora wa ɗan mutane laifin da bai yi ba.

To ga abin da zan ba ka shawara. Ka rufe shago yini ɗaya a ƙirga komai, kowane kaya a ba shi suna ɗaya tak da lamba, a yanke cewa sefa za a riƙa rubutawa ba dala ba. Duk abin da ya shiga ko ya fita a rubuta shi a ranar, har wanda aka kai gida. Wata uku ku yi haka ko a kaye ko a Excel, ba sai ka kashe ko dala ba tukuna. In yaran sun saba, sannan ka nemi lojisiyel na sito da ciniki, wannan shi ake kira tsarin bayanan kasuwanci, kuma shi ne kake buƙata yanzu ba IA ba. Akwai irin su Odoo na wani kamfanin Beljiyam da ke da sashen da ake amfani da shi kyauta, akwai Sage da kontabul da yawa suka sani, akwai kuma yaranmu na gida da ke rubutawa daidai da shagonka. Farashi ya danganta da girman aikin, amma duk wanda ka zauna da shi ka tambaye shi: in rezo ya ɗauke ko wuta ta tafi ana iya ci gaba da sayarwa? In kwamfutar ta mutu yau ina kwafin bayanan yake? In mun ɓata ni da kai zan iya fitar da bayanaina in tafi da su? Zai zauna ya koya wa yara har su iya ko girkawa kawai zai yi ya tafi? In kuma kana da NIF, wato lambar biyan haraji, kana sayar wa ma'aikatu, ka tabbatar zai iya tafiya da tsarin faktir mai shaida da hukumar haraji ke nema.

Ita IA ɗin lokacinta na zuwa, bayan shekara ɗaya ko biyu in bayanai masu tsabta sun taru. A nan ne za ta iya ce maka sukari kaza za ka buƙata kafin azumi, ko kaya kaza yana kwana wata huɗu a mangaza yana riƙe maka jari. Ko a nan ma a kula, yawancin manhajojin waje da watannin Turawa suke hasashe, su ga ciniki ya tashi a watan Maris sai su ɗauka kowane Maris haka ne, alhali azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara. In ba a sa mata kalandar Musulunci da lokacin kaka da ranakun kasuwannin ƙauye ba, tsohon yaron shagonka ya fi ta sanin gobe.

Tambaya daga wata ɗaliba a jami'ar André Salifou: Malam an koya mana sistem ekspar a aji amma ni har yanzu ban gane bambancinsa da ChatGPT ba, kuma abokaina na cewa tsohon yayi ne. Ina so in yi memwar a kansa, ɓata lokaci ne?

Amsa: Ƙanwata ba ɓata lokaci ba ne ko kaɗan. Bambancin a sauƙaƙe shi ne, sistem ekspar, ni ina ce masa manhajar gwani, mutum ne ya zauna da gwanin wani fanni ya tatso iliminsa ya rubuta shi doka-doka, in kaza ya faru kuma kaza ya faru to kaza ne. Sassansa uku, rumbun dokokin, da injin da ke bin dokokin yana haɗa wannan da wancan har ya kai ga hukunci, da sashen da in kin tambaye shi don me ka ce haka zai jero miki dokokin da ya bi ɗaya bayan ɗaya. ChatGPT kuwa da ya fito ƙarshen Nuwamba 2022 ba wanda ya rubuta masa dokoki irin waɗannan, rubutu ne mai ɗimbin yawa aka zuba masa ya koyi wace kalma ta fi dacewa ta biyo bayan wace. Shi ya sa bakinsa ya fi daɗi kuma kusan komai kika tambaya zai ce wani abu, amma in kin ce masa don me, bayanin da zai ba ki shi ma tsara shi yake yi a lokacin, ba hanyar da ya bi ba ce yake nuna miki.

Tarihin kuma yana da daɗi. Sunan fannin IA gaba ɗaya ya samo asali ne daga taron da John McCarthy da abokansa suka yi a kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1956. A 1965 aka fara DENDRAL a jami'ar Stanford, Edward Feigenbaum da Joshua Lederberg, don taya masana kimiyyar sinadarai gano ƙirar sinadari. Sai MYCIN a shekarun 1970 wanda Edward Shortliffe ya yi, dokoki wajen 600, yana yi wa likita tambayoyi sannan ya ba da shawarar maganin da ya dace da ƙwayar cutar da ta shiga jini, kuma da aka gwada shi da likitocin fannin bai ji kunya ba. Duk da haka ba a taɓa sa shi aiki a asibiti ba, saboda kwamfutocin lokacin da wahalar shigar da bayanai da kuma tambayar da har yau ba ta mutu ba, in ya yi kuskure wa za a kama? Wanda ya shiga kasuwa sosai shi ne XCON da kamfanin kwamfuta na DEC ya fara aiki da shi a 1980 don haɗa sassan na'ura daidai da odar mai saye, ya rage musu asara sosai, sai dai dokokin suka yi ta yawa har dubbai, ki gyara ɗaya ta karya wata can, riƙonsa ya zama aiki babba. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 kasuwar ta faɗi. Amma dabarar ba ta mutu ba, ta shige cikin wasu abubuwa ne ta daina amsa sunan, duk lojisiyel da ke lissafin albashi da haraji ko ya hana mai farmasi sayar da maganin da kwanansa ya ƙare, dokokin in kaza to kaza ne a cikinsa.

Abin da nake so ki ji da kyau, wahalar ba a rubuta kod take ba. Harsunan rubuta ta suna nan: CLIPS da hukumar NASA ta fara ƙirƙira a 1985 yana nan kyauta, Prolog da aka ƙirƙira a Marsai ta Faransa a 1972 yana nan, ko da Python ma kina iya yi. Wahalar ita ce tatso ilimin daga bakin mai shi. Na taɓa zama da wani tsohon makanike mai gyaran baburan kabu-kabu ina son in rubuta yadda yake gane ciwon inji. Na ce Baba in babur ya ƙi tashi me kake fara dubawa, ya ce buji. Na rubuta. Ba a jima ba wani yaro ya turo nasa, Baba bai ko kalli buji ba, ya sa shi ya buga sau biyu ya karkata kai yana saurare, ya sunkuya ya shinshina wajen karbirato sai ya ce man da ka sha a bakin hanya an gauraya shi. Na ce Baba ai ka ce buji ne farko, ya ce to ai wannan kukansa daban. Wannan "kukansa daban" ɗin shi ne aikinki, ki yi ta komawa kina tambaya daban ta yaya, har ya zama abin da za a iya rubutawa, wani kuma ba zai taɓa rubutuwa ba sai ki faɗi haka a memwar ɗinki, malamanki za su girmama gaskiyar.

Ki zaɓi abu ƙarami da gwaninsa ke kusa da ke. Yadda dillalan fata ke raba fata lamba ɗaya da lamba biyu, ko yadda masu sayen hatsi ke gane geron da bai bushe ba, ko cututtukan kaji guda biyar kawai. Dokoki 40 da kika gwada a gaban gwanin ya ce haka ne sun fi 400 da kika kwaso daga intanet.

Tambaya daga wani ma'aikacin jinya a wani CSI, wato ƙaramin asibiti, na yankin Mirya: Mu nan ni kaɗai ne da ungozoma, da damina yara sun fi ƙarfinmu. Akwai manhajar da za ta taimaka wajen duba yara ba tare da likita ba?

Amsa: Majo sannu da ƙoƙari, Allah ya saka. Akwai, kuma abin da zai ba ka mamaki ka riga ka san cikinta, don littafin PCIME na ƙa'idojin duba yara marasa lafiya da hukumar lafiya ta duniya da UNICEF suka fitar tun shekarun 1990 shi kansa manhajar gwani ce a kan takarda. Yaro ɗan wata 2 zuwa 12 in numfashinsa ya kai 50 a minti ɗaya yana da saurin numfashi, ɗan shekara 1 zuwa 5 kuma 40. Awon damtse in ya gaza milimita 115 ja ne, wato tamowa mai tsanani. Yaron da ba ya iya sha ko yana amayar da komai ko yana jijjiga, alamar haɗari ce a tura shi gaba. Abin da aka yi a maƙwabciyarmu Burkina Faso shi ne ƙungiyar Terre des hommes tare da ma'aikatar lafiyarsu suka sa waɗannan dokokin cikin tablet, suna kiransa REC, yana bi da ma'aikaci tambaya bayan tambaya ba ya barin a tsallake, ya lissafa yawan magani daidai nauyin yaro. Amfaninsa ba wai ya fi ka sani ba ne, a'a, yaro na sittin da ka duba da la'asar ka gaji ba ka ci abinci ba, shi ba ya manta ya ce a ƙirga numfashi.

Roƙona ɗaya, kar ka sauko da wata manhaja daga intanet da kanka ka fara aiki da ita a kan yaran mutane, balle ka tambayi ChatGPT yawan magani. Ka bi ta wurin shugaban gundumar lafiyarku, abin da za a yi amfani da shi dole ya dace da ƙa'idar maganin ƙasarmu kuma ya iya haɗuwa da DHIS2 da kuke tura rahoto a ciki, in ba haka ba aiki biyu za ka riƙa yi.

Tambaya daga wani dattijo a Birni: Ɗana, yayana ya rasu, jikokina sun ce akwai abin da ke raba gado a waya cikin minti ɗaya ba sai an je wurin malam ba. Ya halatta mu dogara da shi?

Amsa: Baba Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, ya ba ku haƙuri. Hukuncin halacci na malamai ne ba nawa ba, amma zan faɗa maka abin da na'urar ke iyawa da wanda ba ta iyawa. Ilimin gado yana cikin ilimin da ya fi dacewa da lissafin na'ura don ƙa'idojinsa a bayyane suke, kuma ba yau aka fara ba, Al-Khwarizmi da ya zauna a Bagadaza wajen shekara ta 820, wanda daga sunansa aka samo kalmar algoritim da duk masu kwamfuta ke amfani da ita, babban sashe na littafinsa na aljabara a kan lissafin gado da wasiyya yake. Misali mutum ya bar mata ɗaya da mahaifiya da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, abin da ya rage bayan an yi masa sutura an biya bashi an fitar da wasiyya sefa 2,400,000 ne. Mata tana da tumuni 300,000, uwa tana da sudusi 400,000, saura 1,700,000 a kasa biyar, mace ta ɗauki 340,000 kowane namiji 680,000. Wannan manhaja mai kyau za ta yi shi kafin ka ƙifta ido.

Amma Baba ita ba ta san yayanka ba. Ba ta san ko akwai matar da ya saka tana cikin idda ba, ko akwai ciki, ko gonar nan ta hanyar Tanut tasa ce shi kaɗai ko ta gandu ce da ba a taɓa rabawa ba tun mahaifinku, ko ya ba wani ɗa fili yana da rai an yi shaidu, ko akwai bashin da mai shi ke jin nauyin zuwa ya faɗa. Malamin da ya san gidanku waɗannan zai fara tonowa kafin ya taɓa alƙalami, kuma a nan rigimar gado take, ba a raba lamba ba. Sannan manhajojin ba duka ke bin mazhabar Malikiyya da muke kai ba, akwai mas'alolin da mazhabobi suka saɓa. In kuma irin masu hira ɗin nan ne jikokin ke nufi su ChatGPT, to wannan kam a'a, yana iya kuskuren lissafi ya faɗe shi da cikakken ƙarfin hali, a 2023 wata kotu a birnin New York ta ci wasu lauyoyi tarar dalar Amurka 5,000 don sun kawo mata shari'o'in da shi ya ƙirƙiro musu babu su a duniya. Ku je wurin malam ko alƙali, in ya gama jikokin su buga a wayar su gani ko lamba ta zo ɗaya, in ta saɓa a koma a tambaye shi cikin ladabi.

Tambaya daga wani matashi a Garin Malam: Na gama karatun kontabilite ina neman istaj, ana ta cewa IA za ta cinye aikinmu. In canza layi?

Amsa: Ƙanena kar ka canza. Aikin kwafe lamba daga faktir zuwa rajista kam zai ragu, wannan gaskiya ne. Amma ka koma sama ka karanta labarin kaye ukun nan, wa zai zauna kwana huɗu yana raba dala da sefa? Shagunan garin nan da yawa ba su ma kai matakin da na'ura za ta karɓi aikin kowa ba, mutumin da zai tsara musu suke nema. Ka riƙe SYSCOHADA, wato tsarin kontabilite na ƙasashenmu da aka sabunta ya fara aiki a Janairun 2018, da kyau, ka iya Excel sosai ba sama-sama ba, ka koyi lojisiyel ɗaya na sito har ka iya girka shi ka koya wa wani. In istaj ɗin ofis ya ƙi samuwa, je ka wurin wani ɗan kasuwa na unguwarku ka ce za ka tsara masa lissafin wata uku.

Tambaya daga wata Hajiya mai sayar da turaren wuta da atamfa a Zango: Ina amfani da ChatGPT yana rubuta mini talla da Hausa, wani lokaci Hausar tasa wata iri. Kuma 'yata ta ce in tura masa hoton littafin bashina ya tsara mini. In tura?

Amsa: Hajiya Hausar tasa wata iri ce saboda abin da ya karanta da Hausa kaɗan ne in aka gwada da Turanci ko Faransanci, kuma kaɗan ɗin ma yawancinsa Hausar jaridu da rediyo ce ta wajen Kano. Google Translate ma sai a ƙarshen 2013 ya sa Hausa. Shi ya sa in kin ce masa jika biyar ko tiya uku ko ki ce turmi ɗari tara yana iya ɗauka sefa 900 kike nufi alhali 4,500 ne. Akwai masu ƙoƙarin gyara wannan, irin ƙungiyar Masakhane ta masu binciken harsunan Afirka da aka kafa a 2019, da shirin Common Voice na Mozilla inda kowa ke iya karanta jimloli da muryarsa a ajiye don koya wa na'ura, kuma ina kira ga 'yan Damagaram su shiga don a ji irin bakinmu a ciki. Talla kam ki ci gaba, sai dai ki karanta kafin ki sa a status, farashi kuma ki rubuta da hannunki.

Littafin bashi kuwa kar ki tura shi yadda yake. A ciki akwai sunayen matan mutane da lambobin wayarsu da abin da ake bin kowace, wata ma mijinta bai san ta ci bashin atamfar biki ba, amana ce suka ba ki. In kin tura hoton ya tafi kwamfutocin wani kamfani a wata ƙasa, ba ki da iko da shi kuma. Ƙasarmu tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar da ke kula da ita wato HAPDP, amma ko ba doka ke kin san abin da zai biyo baya in sirrin nan ya fita a unguwa. Ki sa 'yar taki ta buɗe miki Excel a wayarta ko taki, layi huɗu sun isa, suna da ranar da aka ɗauka da abin da aka biya da saura, ta sa wa fayil ɗin lambar sirri, duk Juma'a ta kwafe shi a kile ki ajiye a cikin adaka. In lissafin ne ya rikice kina son ya taya ki, ki cire sunaye da lambobin waya ki sa 1, 2, 3 a madadinsu sannan ki tura.

Sauran saƙonnin, musamman na masu tambaya a kan manhajojin gane cutar shuka ta hoto, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu, ina so in fara kai wayar gonar wani abokina a hanyar Magarya in gwada ta a kan wake da gero tukuna.